Ranar da aka hana adaidaita sahu bin titin Gwarzo: inda ake gane tasirin mai binciken sufuri a Kano

A ƙarshen watan Nuwamba na 2022 gwamnatin Kano ta sanar, ta bakin hukumar KAROTA mai kula da zirga-zirgar ababen hawa, cewa daga ranar Laraba 30 ga wata an hana adaidaita sahu bin wasu manyan tituna biyu: wanda ya tashi daga Ahmadu Bello Way ya bi ta Mundubawa zuwa Gezawa, da wanda ya tashi daga Tal'udu ya miƙe hanyar Gwarzo. Hujjar da aka bayar ita ce an samar da motocin bas 100 da tasi 50 da za su riƙa ɗaukar jama'a. Gari na wayewa aka ga abin da ya biyo baya. Ɗalibai da ma'aikata da 'yan kasuwa suka yi cirko-cirko a bakin titi, wasu suka haƙura suka kama tafiyar ƙafa, kuma kafin a kwana biyu gwamnati ta dakatar da dokar.

Wannan lamari ya cancanci a zauna a yi nazarinsa, domin tambayar da ta kayar da dokar tambaya ce ta masu binciken sufuri, kuma amsarta ba ta wuce aikin mako biyu zuwa uku ba: mutum nawa ne ke bin wannan titi a cikin awa guda lokacin da aka fi cunkoso, kuma bas nawa za su iya kwashe su? Duk mai bincike da ke da wannan amsa a hannu, kuma ya iya kai ta teburin da ake yanke hukunci kafin a yanke, shi ne mai tasiri a harkar sufurin Kano, ko da sunansa bai cika fitowa a mujallun ƙasashen waje ba.

Yadda adaidaita ta zama ƙafar gari

A 2005, zamanin gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau, aka shigo da babur mai ƙafa uku domin ɗaukar mata, a ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu, kuma daga nan sunan ya bi shi. A lokacin acaɓa ce ke riƙe da gari. A watan Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin Sarki Ado Bayero, gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta hana acaɓa ɗaukar fasinja a cikin birni. Giɓin da aka bari adaidaita ce ta cike shi, har ta tura tsofaffin bas-bas da tasi gefe. Kanawa sun ɗanɗana nauyin wannan dogaro sau biyu kafin dokar Nuwamba: yajin aikin 'yan adaidaita na Fabrairun 2021 kan harajin naira 100 a kullum, da na Janairun 2022 kan kuɗin sabunta rajista. A duka biyun tituna sun cika da masu tafiyar ƙafa.

Sai dai a yi wa masu dokar adalci. Tunanin nasu yana da tushe a ilimin sufuri. Adaidaita goma ɗauke da mutum talatin sun fi bas guda mai ɗaukar mutum talatin cin fili a kan titi nesa ba kusa ba, ga tsayawa duk inda fasinja ya ɗaga hannu, ga yanke layi ba sigina. Birane da dama sun ware manyan tituna ga manyan motoci, suka bar ƙanana suna kawo fasinja daga lunguna. Matsalar tana wajen lissafi da tsarin sauyin.

Ƙirgar da ake buƙata

Titin Gwarzo ya ishe mu misali. Daga Tal'udu zuwa Kabuga, a wuce Janbulo da Rijiyar Zaki har sabuwar harabar Jami'ar Bayero da Rimin Gata, titi ne da ke ɗaukar ɗalibai da safe zuwa yamma, ya ɗauko mazauna sababbin unguwanni zuwa cikin gari. Mai bincike zai zaɓi wurare uku ko huɗu ya tsayar da masu ƙirga: ɗaya tsakanin Tal'udu da Kabuga, ɗaya bayan Kabuga, ɗaya a Rijiyar Zaki, ɗaya kusa da ƙofar jami'a. Kowane wuri yana buƙatar aƙalla mutum huɗu, biyu a kowane hannu. Ɗaya adaidaita kawai zai ƙirga, ɗayan ya ɗauki sauran: motocin gida, bas, babura, kurkura, tirela. Ana raba fom ɗin zuwa gidaje na minti goma sha biyar-biyar, daga ƙarfe shida na safe zuwa goma, sannan daga biyu na rana zuwa bayan magariba. Talata da Laraba da Alhamis ake ɗauka a matsayin ranakun yau da kullum. Juma'a a yi mata tata ƙirgar daban, saboda masallatai da tashi da wuri suna sauya fasalin titi gaba ɗaya.

A takarda abin yana da sauƙi. A bakin titi ne ake gane inda gizo ke saƙar. Da ƙarfe bakwai da rabi a Kabuga adaidaita ba a layi suke zuwa ba, a dunƙule suke zuwa, uku ko huɗu a jere, wata ta ɓuya bayan wata. Mai ƙirga da biro zai ja sanda huɗu ya soke da ta biyar, ya ɗago kai ya ga shida sun wuce. Bayan awa biyu a cikin ƙura da hayaƙi, hannunsa ya fara cika fom da ƙiyasi. Maganin wannan shi ne a sauya masu ƙirga duk bayan awa biyu, kuma a ɗora waya a wuri mai tudu ta ɗauki bidiyo, a koma gida a ƙirga a natse. A ɗauki gidaje biyu ko uku na fom a gwada su da bidiyon. In bambancin ya haura kashi biyar cikin ɗari, ƙirgar hannun ba abar dogaro ba ce.

Ƙirga ababen hawa rabin aiki ne, domin bas mutane zai ɗauka. Saboda haka sai an san matsakaicin yawan fasinja a cikin kowace adaidaita. Ana duba ɗaya cikin kowace biyar a rubuta mutanen ciki ban da direba: uku a baya, wani lokaci da na huɗu a gefen direba, da yara a kan cinya. Labule yakan rufe na ciki, musamman da sanyin safiya na hunturu, don haka wurin da ake rage gudu ko ake jiran danja ya fi dacewa da wannan aiki.

Akwai kuma kuskuren da ya fi waɗannan haɗari domin ba ya nuna kansa a fom, wato lokacin da aka yi ƙirgar. Ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ta yi yajin aiki daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoban 2022. Duk wata ƙirga da aka yi a titin Gwarzo cikin waɗannan watanni takwas ta titi ce da ɗaliban Jami'ar Bayero ba sa kai, alhali lokacin da dokar ta fara aiki sun dawo. Haka abin yake ga watan azumi, da makon sallah, da hutun makarantun firamare da sakandare. Mai binciken da bai rubuta kwanan wata da yanayin gari a jikin alƙalumansa ba ya bar wa na baya tarko.

Wani abu da littattafan koyarwa ba sa faɗa: mutumin da ya tsaya a bakin titi a Kano da fom da biro yana kallon lambar adaidaita, ɗan karota ko mai karɓar haraji za a ɗauke shi. Direbobi za su riƙa kauce masa, wasu su zo su tambaye shi ba'asi. Kafin ranar farko a je da takardar jami'a a gaida shugabannin ƙungiyar 'yan adaidaita na yankin, a gaida mai unguwa, a bayyana musu cewa ba lamba ake ɗauka ba. Gaisuwar awa guda tana ceton aikin mako guda.

Lissafin bas

Alƙaluman da ke tafe misali ne kawai don a ga yadda lissafin ke tafiya. A ɗauka an ƙirga adaidaita 600 a awa guda suna shiga gari ta Kabuga, kowace da mutum uku. Mutum 1,800 ke nan a awa, a hannu ɗaya. Idan bas yana ɗaukar mutum 30, ana buƙatar sawu 60 a awa, wato bas guda kowane minti ɗaya. Yawan motocin da za su riƙe wannan tazara ya dogara da tsawon lokacin zuwa da dawowa. A ce minti 80 ne, har da tsayuwar lodi da ɗan hutu a ƙarshen layi. Motoci 80 ke nan a kan titi a lokaci guda, a ƙara kashi goma cikin ɗari na waɗanda ke gareji ko wajen shan mai, sun zama 88. Idan manyan bas ne masu ɗaukar mutum 50, sawu 36 ake buƙata, motoci 48, da na ajiya su kai 53. Wannan fa titi ɗaya ne cikin biyun da dokar ta shafa.

Minti 80 ɗin nan ma sai an auna shi. Ana shiga mota da waya mai nuna taswira a yi sawu aƙalla shida a kowane hannu a lokacin cunkoso, a rubuta lokacin isa kowace mahaɗa. Kuma a tuna bas ya fi adaidaita daɗewa a tsaye: mutum goma na sauka ta ƙofa ɗaya, kwandasta na neman canji, wata na jiran a sauke mata buhu. Minti ɗaya a kowace tsayuwa, sau ashirin zuwa da dawowa, ya ci minti ashirin.

Da wannan lissafi na shafi ɗaya a gaban masu yanke hukunci, zaɓin da ke gabansu zai fito fili: ko a ƙaro motoci, ko a fara da titi ɗaya, ko a bar adaidaita su ci gaba da aiki tare da bas na wasu watanni ana rage su a hankali.

Abin da ƙirga ba ta gani

Ƙirgar bakin titi ba ta san inda mutum ya fito da inda za shi ba. Wannan sai an tambaya, a wuraren hawa da sauka, da tambayoyi biyar ko shida da ba za su wuce minti biyu ba: daga ina, zuwa ina, abin hawa nawa za ka shiga, nawa za ka kashe, kana da kaya. Dole a sa mata cikin masu tambaya, in ba haka ba amsoshin maza za a tara, alhali adaidaita tun asali don mata aka kawo ta.

A nan ne ake gano tafiye-tafiyen da bas ba zai iya maye gurbinsu ba. Mace ta fito daga wani lungu a Rijiyar Zaki da goyo da yaro a hannu, za ta asibiti a cikin gari. Da adaidaita shata guda ce daga ƙofar gida. A ƙarƙashin dokar sai ta hau adaidaita zuwa bakin titi, ta jira bas, ta sauka a Tal'udu, ta sake neman wata adaidaita. Hawa uku, biya uku, jira uku. Ko da kuɗin bas ɗin ya yi sauƙi, jimillar na iya zarce abin da take biya a da. Haka wanda zai ɗan taɓa babban titi na rabin kilomita kawai ya ratse zuwa Ɗorayi.

Sai ɓangaren direba. Da yawa daga cikin 'yan adaidaita ba su ne masu mashin ɗin ba. Balas suke kai wa mai shi kullum, ko suna biyan kuɗinsa sannu-sannu bisa yarjejeniya. Babban titi nan ne lodi yake. Wanda aka tura lungu ba a rage masa balas ba, ba a rage masa kuɗin mai ba. Binciken da bai zauna da direbobi talatin ko arba'in ya fitar da abin da suke samu da abin da suke kashewa a rana ba, ba zai iya hango irin turjiyar da doka za ta fuskanta ba. Legas ta fahimci wannan lokacin da hukumar sufuri ta LAMATA ta buɗe layin bas na musamman daga Mile 12 zuwa CMS a watan Maris na 2008: an jawo ƙungiyar direbobi ta NURTW cikin tafiyar da motocin.

Yadda jami'a ke auna mai bincike

Duk wannan aiki malamin sashen nazarin ƙasa, ko tsara birane, ko injiniyan gine-gine zai iya yinsa da ɗalibansa, kuma ɗalibai da dama suna yin irinsa a kundin kammala digiri. Abin da ke hana shi isa inda ake buƙata yana da alaƙa da ma'aunin da ake ɗora malamin a kai. Ƙarin girma a jami'o'inmu ya rataya ne a kan yawan maƙalu da darajar mujallun da suka buga su, kuma a 'yan shekarun nan ana ƙara duba Google Scholar da Scopus a ga sau nawa wasu suka kafa hujja da aikin mutum. Akwai ma'aunin h, wanda masanin kimiyyar fiziks Jorge Hirsch ya ƙirƙiro a 2005: idan aka ce na malami 10 ne, yana da maƙalu goma da aka ambaci kowace aƙalla sau goma.

Ma'aunin yana da amfaninsa, domin yana nuna ko sauran masana suna karanta mutum. Amma a fannin sufurin birni yana da makanta ta musamman. Maƙalar da ta yi bitar ra'ayoyi kan sufuri a biranen Afirka za ta samu ambato daga Accra har Landan. Teburin da ya nuna yawan fasinja a Kabuga daga bakwai zuwa takwas na safe ba wanda zai ambace shi a waje, kuma shi ne abin da injiniyan ma'aikatar ayyuka ko jami'in KAROTA ke nema. Malami mai hankali da ke son zama farfesa ya san wanda zai rubuta cikin biyun, kuma ba za a ga laifinsa ba.

Ga kuma lokaci. Daga tattara alƙaluma zuwa fitowar maƙala shekara ɗaya ko biyu ba abin mamaki ba ne. Titin Kano ba ya jira. A watan Yulin 2022 aka hana adaidaita aiki daga goma na dare zuwa shida na safe. A ranar 29 ga Mayun 2023 aka cire tallafin mai, kuɗin hawa ya tashi, mutane suka rage fita. Maƙalar da aka tattara bayananta a 2021 ta fito a 2023 tana bayanin garin da ya riga ya sauya. Sannan da Turancin masana aka rubuta ta, a mujallar da sai an biya kuɗi a karanta, kuma ainihin alƙaluman suna cikin kwamfutar wani ɗalibi da ya gama ya tafi.

Wasu wuraren sun nemi gyara wannan. A Birtaniya, tun 2014 tsarin auna binciken jami'o'i ya ware kashi 20 cikin ɗari na maki ga tasirin bincike a wajen jami'a, aka ɗaga shi zuwa 25 a 2021, kuma sai jami'a ta kawo shaidar abin da binciken ya sauya. A Nairobi, masu bincike daga Jami'ar Nairobi da jami'o'in MIT da Columbia na Amurka sun tura ɗalibai da wayoyi suka bi layukan motocin haya na matatu, suka fitar da taswirar layukan a 2014, suka saki bayanan kyauta, har Google Maps ta ɗora su. Ƙarfin wannan aiki yana cikin sakin bayanan ta fasalin da kowa zai iya ɗauka ya yi amfani da su. Kano na da duk abin da ake buƙata don yin irinsa ga layukan adaidaita da bas a ƙananan hukumomi takwas na cikin birni, ga kuma cibiyar NITT ta fasahar sufuri a Zariya nan kusa.

Shaidar da ya kamata a nema

Idan ana son sanin tasirin mai binciken sufuri a Kano, a duba ambato, sannan a tambayi wasu abubuwa da za a iya tabbatarwa. Ina ainihin alƙalumansa suke, kuma wani zai iya samunsu da kwanan wata da wurin da aka tsaya? Ya taɓa taƙaita sakamakonsa a shafi biyu, da Hausa da Turanci, ya kai wa KAROTA ko hukumar tsara birane ta KNUPDA ko ma'aikatar sufuri, an buga masa hatimin karɓa? Akwai takardar hukuma, ko rahoton kwamitin majalisa, ko zanen wata mahaɗa da ya yi amfani da lambobinsa? Ya zauna da shugabannin 'yan adaidaita ya karanta musu abin da ya gano, suka gyara masa inda ya kuskure? Ya shiga gidan rediyo ya yi bayani? A Kano wannan na ƙarshe ba ƙaramin abu ba ne, domin abin da aka tattauna a rediyo da dare yakan isa kunnen gwamnati kafin wasiƙa. Mu a ganinmu kwamitocin ƙarin girma su ba wa irin wannan shaida maki, kuma hukumar TETFund mai tallafa wa manyan makarantu ta sa ajiye alƙaluma a wurin da jama'a za su samu cikin sharuɗɗan tallafinta.

Hukumomi ma da nasu nauyin. Mai bincike ba zai ba da amsa kafin a yanke hukunci ba idan bai san ana shirin yankewa ba. Sanar da sassan jami'a wata biyu kafin irin wannan doka, da ɗan kuɗin alawus na masu ƙirga goma sha shida na kwana huɗu, bai kai kuɗin tayoyin bas ɗaya ko biyu ba.

Dama mafi kusa tana kan wannan titi dai. Kano ta zuba kuɗi mai yawa a gadojin sama da na ƙasa, daga Ƙofar Nasarawa da Kabuga zuwa Dangi da Hotoro, kuma gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta ɗauko aikin Tal'udu da Ɗan'agundi. Gada takan warware mahaɗar da aka gina ta a kai, amma sau da yawa cunkoson yakan koma mahaɗa ta gaba, sannan masu tsallaka titi da ƙafa da masu jiran abin hawa su rasa wurin tsayawa. Ana gane haka ne ta maimaita ƙirga ɗaya, a wuri ɗaya, a ranaku da awanni iri ɗaya: wata shida bayan buɗe gada, sannan bayan shekara biyu, a Tal'udu da Kabuga da Gadon Ƙaya a tare, har da auna minti nawa mai ƙafa ke jira kafin ya tsallaka. A ajiye fom ɗin da bidiyon a ɗakin karatun jami'a, a aika wa KAROTA da ma'aikatar ayyuka kwafi a cikin wata guda da gama ƙirgar.